Ƙwaryar gyartai a ɗakin zanen zamani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni baduku ne, haifaffen Tawa. Shekara talatin ke nan ina kai jakunkuna da takalma Yamai, ina sauke su wajen masu sana'ar hannu na Wadata. Duk tsawon nan, wurin kallo ɗaya na sani, gidan tarihi na Boubou Hama da aka buɗe tun 1959. Can muke kai yara su ga zaki da dorina, da busasshen icen Tenere, wanda ya yi tsaye shi kaɗai cikin hamada har babbar mota ta buge shi a 1973. Ɗakin baje kolin zanen zamani kuwa ban taɓa leƙawa ba sai watan jiya, da ɗiyar ƙanwata ta ja ni dole.

Zanen farko bai yi mini ba, gaskiya. Ja ne da baƙi aka shafa a ƙyalle, ba mutum, ba dabba. Na ce mata ko fenti ne ya zube wa yaron? Ta ce, "Kawu, yi a hankali, ana jin ka." Da na ji kuɗinsa ya kai na ragon layya biyu, sai na kama bakina.

A ɗaki na biyu ne jikina ya yi sanyi. Fasassun ƙore ne aka jera a bango, sun fi ashirin, an ɗinke kowace irin ɗinkin gyartai, amma da wayar tagulla. Ba ko ɗaya da ke fuskantar sama, duk a kife suke. Ina ganinsu na tuna 1984, shekarar yunwar da ake kira El Buhari, lokacin da mahaifiyata ta kife ƙorenta a kan gado don babu abin zubawa. Na daɗe tsaye. Na duba ɗinkin da idon mai sana'a, ban samu inda ya yi ha'inci ba. Tazarar huji daidai, kamar an auna.

Mai aikin yana nan, saurayi ne. Ya ce, "Baba, me kuka gani?" Na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ƴan ci-rani yake nufi, gidajen da maza suka tafi Abijan da Libiya suka bari. Wayar ma a kasuwar Katako ya tsinto ta. Ni na ga yunwa, shi ya ga tafiya, kuma ba mu yi gardama ba, don mutumin Adar, yankinmu na Tawa, ya san yunwa da tafiya uwa ɗaya ta haife su.

To ga abin da ya sa na rubuto. Kowane aiki akwai ƴar takarda kusa da shi, kuma duka da Faransanci. Da saurayin ba ya nan, da na fita ban san zancen ci-rani ba. Ƙwarya tamu, gyartai namu, labarin namu, amma bayanin na waɗanda suka yi lakwal, wato boko, ne kaɗai. Layi biyu da Hausa, biyu da Zabarmanci, nawa za su ci? Wanda bai iya karatu ba, a sa mai gadi ya yi masa bayani.

Kada a ce mutanen karkara ba su san kyau ba. Masallacin Yama da ke jiharmu, magini Falke Barmu ne ya gina shi da laka, har ya samu kyautar Aga Khan ta fasahar gini a 1986. Marigayi Moustapha Alassane, mai sa zane ya yi motsi a fim, a Tawa ya yi zamansa. Masu shirya irin wannan baje koli su ɗora ƙoren nan a mota su kawo mana ko na mako guda ne, ranar kasuwa, su ji abin da tsofaffin mata za su ce.

Saurayin ya roƙe ni guntayen jar fata da muke zubarwa. Na tara masa rabin buhu, da shi zan zo Yamai bayan salla.

Naku,
Wani baduku daga Tawa