A fara koya wa yara kiɗan Indiya da baki da tafi

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ƙauyukan kewayen Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, da wuya ka sami yaron da bai iya kwaikwayon rawar fina-finan Indiya a waya ba. Wasu malaman makaranta na son mayar da wannan sha'awa darasi, sai su tsaya jiran kuɗin sayen tabla, wato tagwayen gangunan Indiya. Muna roƙonsu kada su jira, domin a Indiyar ma almajirin kiɗa da baki yake farawa, kamar karatun allo.

Awon da ya kamata a fara da shi ana ce masa tintal, bugu 16 ne, kashi huɗu, kowane kashi huɗu-huɗu. Yara su zauna da'ira su tafa a kan 1 da 5 da 13, a kan 9 kuwa su juya tafin hannu sama ba tare da sun tafa ba. Wannan tafin da ake tsallakewa shi ke nuna wa yaro ya kai rabin hanya, kuma wanda bai riƙe shi ba sai ya ɓace wajen komawa bugu na farko. Idan tafi ya zauna, sai a ɗora kalmomin da ake kwaikwayon sautin ganga da su da baki: da din din da sau biyu, sannan da tin tin ta, ta din din da.

Bayan haka ne ƙafa za ta shigo, da takun rawar Katak ta arewacin Indiya: dama, hagu, dama, hagu, sannan hagu, dama, hagu, dama. A nan yara suke tuntuɓe, don hagu na taka sau biyu a jere a na huɗu da na biyar, kuma yaro kan jingina nauyinsa duka a kanta sai ya kasa ɗagawa. Maganinsa a rage sauri ƙwarai, a tsayar da ƙugu a tsakiya. Yara suna ƙara gudu da kansu ba su sani ba, saboda haka rabin aji ya riƙa tafi yayin da rabi ke taku, a riƙa sauyawa. Kada a yi a kan siminti, yana cin diddige da gwiwa. Daɓen ƙasa da aka share tsakuwa ya fi. Ƙananan ƙararrawan da ake ɗaurawa a idon sawu a bar su tukuna, nauyi ne kuma ƙararsu na ɓoye kuskure.

Wajen rera sa re ga ma pa da ni, wato matakan hawan murya na waƙar Indiya, kwatankwacin do re mi fa sol la si na Turawa, malami namiji kan ɗora matakin farko a kan do ɗin muryarsa, yara su yi ta maƙurewa. A ɗaga shi zuwa sol ko la. Manhajar tanpura a waya, wato abin kiɗa mai tsirkiya da ke maimaita sauti ɗaya, ta isa riƙe musu murya.

Wanda ya samu tabla ya sani fatar akuya ce, hunturu da zafin watan Maris zuwa Mayu suna ɗame ta har ta tsage. A sassauta igiyoyinta bayan darasi, a lulluɓe ta da zane a cikin ɗaki.

Tun farko a nemi yardar iyaye da mai gari, a ware mata da maza, a kauce wa lokacin Islamiyya da aikin gona. Minti 30 da la'asar sakaliya ya ishi yaro ɗan shekara takwas.

Naku,
Wasu malaman kiɗa, Garwa