Rahoton Ayyukan Shekarar 2024: Tafiyarmu da Tamilawan Siri Lanka Mazauna Landan

Assalamu alaikum iyayenmu dattawa, iyaye mata, da sauran 'yan uwa membobi.

Kamar yadda tsarin ƙungiya ya tanada, ga rahoton abin da muka gudanar a shekarar da ta ƙare. Bayanin kuɗi yana hannun ma'aji, zai gabatar da shi daban tare da rasitai. Nawa rabon shi ne aikin da ya fi cin lokacinmu bana, wato tafiyarmu da 'yan uwanmu Tamilawan Siri Lanka, ƙabila marar rinjaye a ƙasar, da abokan gwagwarmayarsu Sinhalawa, 'yan ƙabila mai rinjaye, masu ra'ayin gurguzu da ke zaune a nan Landan.

Sababbin membobi sukan tambaye ni me ya haɗa Bahaushe da Batamile. Wurin neman abinci ne ya haɗa mu. A gidajen kula da tsofaffi, da gidajen mai, da manyan kantuna inda ake jera kaya cikin dare, tare muke tsayuwa, ƙungiyar ƙwadago ɗaya muke biya wa kuɗin wata, kuma a East Ham da Wembley da Tooting maƙwabta muke. Da yawa daga cikinmu a gidajen NEPU da PRP muka taso, inda aka koya mana cewa talaka ɗan uwan talaka ne ko daga ina ya fito. Da suka ce mu zo, ba mu da dalilin noƙewa.

Aikinmu mafi nauyi ya faɗo ranar 18 ga Mayu, ranar da aka cika shekara 15 da ƙarshen yaƙin basasa tsakanin gwamnatin Siri Lanka da 'yan tawayen Tamilawa na LTTE a Mullivaikkal, ɗan siririn yashi a gabar teku inda aka matse dubun dubatar fararen hula a 2009 ana yi musu ruwan bama-bamai, har asibitoci ba su tsira ba. Kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2011 mai yiwuwa waɗanda suka mutu a watannin ƙarshe sun kai 40,000. Tamilawa suna cewa adadin ya zarce haka nesa. An ba mu aikin girki. Abin da ake dafawa a wannan rana kunun shinkafa ne da suke kira kanji, shi ne abincin da ya rage wa mutane a kwanakin, yara suna bin layi da ƙoƙo a hannu, wasu a kan layin bam ya same su. Wata dattijuwa da kowa ke kira Amma, wato uwa, ita ta tsaya a kan tukunya. Hajiyarmu ta ɗanɗana, ta ji ruwa-ruwa ne ba armashi, ta ce bari ta kawo madara da ɗan sukari. Amma ta riƙe mata hannu ta ce a'a, shinkafa ƙanƙanuwa, ruwa mai yawa, gishiri ɗan kaɗan, haka suka sha, haka za a sha. Aka zuba a ɓawon kwakwa aka miƙa wa masu wucewa. Na ga Hajiya ta sha nata a tsaye ba ta ce uffan ba, daga baya ita ta kwana tana wanke tukwane. A makon ne labari ya iso cewa 'yan sanda a yankin Trincomalee sun kama mutane, har da mata, saboda raba wannan kunu. Muka sa hannu a takardar ƙorafi tare da sauran ƙungiyoyi.

A watan Yuli an yi zaman tunawa da kisan gillar 1983, lokacin da gungun mutane riƙe da rajistar masu zaɓe suka bi gida-gida a Kolambo suna zaƙulo Tamilawa, aka kuma kashe fursunoni 53 a gidan yarin Welikada. Yawancin dattawan da muke hulɗa da su bayan wannan suka baro ƙasa. Ana cikin shirin zaman sai ga rasuwar Dakta Vickramabahu Karunaratne, wanda suke kira Bahu, Basinhale ɗan gurguzu da ya shafe rayuwarsa yana kare haƙƙin Tamilawa, har aka harbe shi a wurin taro a 1988 ya tsira. Zaman ya koma darasin tarihi, kuma ina ganin ya fi kowane zama amfani a gare mu.

Ga abin da muka koya. Jam'iyyar gurguzu ta LSSP, wadda aka kafa a 1935, ta yaƙi dokar 1956 da ta mai da Sinhala kaɗai harshen gwamnati. Ɗaya daga cikin jagororinta, Colvin R. de Silva, ya gargaɗi majalisa cewa harshe biyu zai ba su ƙasa ɗaya, harshe ɗaya kuwa zai ba su ƙasa biyu. A 1964 jam'iyyar ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa. A 1972 shi wannan Colvin ɗin, yana minista, ya jagoranci rubuta tsarin mulkin da ya tabbatar da fifikon Sinhala, ya kuma ba addinin Buddha matsayi na gaba. Matasan Tamilawa suka yanke ƙauna daga 'yan gurguzu, da yawa suka ɗauki bindiga. Bahu da abokansa suka fice suka kafa sabuwar jam'iyyar gurguzu ta NSSP a 1977. Wani dattijo Basinhale ya faɗa mana, idonsa cike da ƙwalla, cewa jam'iyyarsu ta sayar da marasa rinjaye don kujerun minista, kuma har yau ba su gama biyan bashin ba.

Akwai zama guda da sai da muka kai ruwa rana kafin a yi shi. A watan Yulin ne gwamnatin Siri Lanka ta nemi gafara kan ƙona gawarwakin Musulmi da ta tilasta lokacin korona, daga 2020 zuwa farkon 2021, har da gawar jariri. Membobinmu suka ce in za a yi maganar Musulmin ƙasar, to a yi ta duka: a tabo korar da 'yan tawayen LTTE suka yi wa Musulmin arewa sama da 70,000 a Oktoban 1990, da kisan masallata sama da 140 a Kattankudy a Agustan shekarar. Wasu abokanmu Tamilawa suka ƙi, suka ce gwamnati za ta yi amfani da maganar. Mu kuma muka tsaya a kan cewa ba za mu yi kukan wata gawa mu tsallake wata ba. Masu ra'ayin gurguzun cikinsu ne suka mara mana baya, suka tuna wa kowa Dakta Rajani Thiranagama, malamar jami'ar Jafna da aka harbe a 1989 bayan ta rubuta laifukan kowane ɓangare. An yi zaman. Wani bawan Allah da ya girma a sansanin 'yan gudun hijira na Puttalam ya ba da labarin yadda aka ba Musulmin Jafna awa biyu su bar gari, mahaifiyarsa ta kulle ƙofa ta ɗaure makullin a bakin zane tana zaton kwana kaɗan za su yi. Da ya gama, wani tsohon malamin makaranta Batamile ya miƙe, ya ce harshe ɗaya suke yi da shi, unguwa ɗaya suka taso, kuma yana neman afuwa. Wasu sun fita daga zauren. Mutum biyu har yau ba sa amsa gaisuwarmu, kuma abin yana damuna, amma ban yi nadamar zaman ba.

A Agusta kuwa su suka zo mana. Lokacin da masu ƙyamar baƙi suka tayar da tarzoma a garuruwan Ingila, suna kai hari masallatai da otal-otal na masu neman mafaka, tare muka fita zanga-zangar adawa da su a unguwar Walthamstow ranar 7 ga wata, kuma matasansu sun raka matanmu masu aikin dare zuwa tashar bas. A ƙarshen watan, ranar tunawa da waɗanda aka ɓatar, muka tsaya riƙe da hotuna a madadin iyaye matan Kilinochchi da Vavuniya, a arewacin Siri Lanka, da ke zaman dirshan a bakin titi tun Fabrairun 2017. Da yawansu da hannunsu suka miƙa 'ya'yansu ga sojoji a Mayun 2009. Da dama sun rasu ba su ji amsa ba. 'Yan uwanmu na Borno da ke cikinmu ba sai an fassara musu wannan ba.

Zaɓe ya raba kan abokanmu, ya raba namu. Anura Kumara Dissanayake ya ci shugabancin Siri Lanka ranar 21 ga Satumba, ƙawancensa na NPP ya samu kujeru 159 cikin 225 ranar 14 ga Nuwamba, har ya zo na ɗaya a gundumar Jafna. Wasunmu suka ce ga gwamnatin talakawa, mu sassauta mu ba ta lokaci, ai ta buɗe hanyar Palaly ta yankin Jafna da sojoji suka rufe fiye da shekara talatin. Wasu suka ce jam'iyyar JVP, ƙashin bayan ƙawancen, ita ta yaƙi yarjejeniyar 1987 ta raba iko da larduna, har da yankin Tamilawa, ta kuma goyi bayan yaƙin. Ni a nawa ganin murnar talakawan Siri Lanka gaskiya ce, bayan yunwa da layin man fetur na 2022, kuma ina taya su. Sai dai a Oktoba sabuwar gwamnatin ta ƙi amincewa da ƙudurin Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ya tsawaita aikin tattara shaidun laifukan yaƙi, dokar yaƙi da ta'addanci ta 1979 tana nan duk da alkawarin soke ta, majalisar lardin arewa kuma babu ita tun 2018. Wanda ya saurari labarin 1972 a watan Yuli ba zai ajiye alƙalami ba. Kwamiti ya amince mu ci gaba da buƙatunmu yadda suke, mu yaba inda aka cika alkawari, mu rubuta inda aka saɓa.

Shekarar ta rufe da labari mai daɗi. Tamilawa kusan 60 da suka maƙale a Diego Garcia, tsibirin da ke hannun Birtaniya a Tekun Indiya, tun Oktoban 2021, cikin tantuna a kewayen waya, an kawo su Birtaniya a farkon Disamba, kotu kuma ta yanke cewa tsare su da aka yi ya saɓa doka. Matanmu suka tara rigunan sanyi da barguna da takalman yara, aka miƙa ta hannun masu kula da su. Allah ya saka wa duk wanda ya kawo.

Inda muka gaza kuwa shi ne batun masu tsinkar ganyen shayi, Tamilawan kan tudu da dokar 1948 ta raba da zama 'yan ƙasa. A ranar ma'aikata gwamnati ta yi shelar ladan aikin rupi 1,700 a yini, kamfanoni suka garzaya kotu, aka ƙare a kan 1,350. Mun yi alkawarin kai batun rassan ƙungiyoyin ƙwadagonmu, tunda shayin da muke jerawa a kantuna daga hannunsu yake fitowa, amma ba mu rubuta ko takarda ɗaya ba. Alhakin yana wuyana a matsayina na sakatare. Haka kuma fassarar bayanai zuwa Hausa da aka ce a riƙa tura wa iyayenmu ta WhatsApp ta tsaya tun tsakiyar shekara, don mutum ɗaya aka bar wa aikin.

Saboda haka a zaman farko na sabuwar shekara za mu fara da waɗannan biyun. Ana neman mutum uku da za su raba aikin fassara, da wakili ɗaya daga kowane reshen ƙwadago da zai ɗauki batun masu shayi. Amma ta riga ta aiko cewa a Mayu mai zuwa tana son Hajiya a kan tukunya tun asuba, kuma a zo da ɓawon kwakwa fiye da na bana, don bai isa ba.

Wassalamu alaikum.
Sakataren ƙungiya