Zuwa ga Janar Min Aung Hlaing: ka tuna zaɓen cike gurbi na 2012 kuwa?

Yallaɓai Janar, barka da war haka. Ba na jin akwai mai fassara maka Hausa a Naypyidaw, babban birninku, amma dai zan amayar da abin da ke cikina, don mu masu bin labaran duniya sunan ƙasarku Myanmar ba baƙo bane a kunnenmu tun ana ce mata Bama.

Zaɓen cike gurbi na ranar 1 ga Afrilun 2012 nake so in tuna maka, kuma ba za ka ce baka nan ba, lokacin shekararka ɗaya a kujerar babban hafsan sojojin ƙasar. Guraben ma ba rigima ce ta kawo su ba, kundin tsarin mulkin 2008 da ku sojoji kuka tsara ne ya ce ɗan majalisar da aka ba minista sai ya ajiye kujerarsa, shugaban ƙasa na lokacin Thein Sein ya ɗebi mutane ya naɗa, kujeru 48 suka zama ba kowa. Aka ɗage uku na jihar Kachin saboda yaƙi, saura 45. NLD, jam'iyyar adawa ta Aung San Suu Kyi, ta tsaya takara a 44 ta cinye 43. Har kujeru huɗun Naypyidaw fa, garin da ku kuka gina kuka cika da ma'aikatan gwamnati, duk ta kwashe, ita kuma Aung San Suu Kyi ta ci Kawhmu bayan shekarun da ta yi a kulle cikin gidanta.

To tsakaninka da Allah me kuka rasa a ranar? Ba komai. A lokacin majalisar tarayya kujeru 664 ce, 166 na sojoji ne da ba a zaɓensu, kai kake naɗa su, kuma ba a taɓa kundin sai da sama da kashi 75 cikin 100, wato ba mai canza ko harafi ɗaya sai kun yarda. Kujeru 43 ba su isa su kayar da ko ƙaramin ƙuduri ba. Amma dubi ribar da kuka ci, a watan nan Tarayyar Turai ta dakatar da yawancin takunkumin da ta sa muku, a Nuwamba Obama ya sauka Yangon, shugaban Amurka mai ci na farko da ya taka ƙasar, 'yan kasuwa suka yi ta tururuwa. Ba yawan kujerun ne ya burge duniya ba Yallaɓai, an ga jam'iyyarku ta USDP ta sha kaye kun bari an faɗi sakamakon yadda yake, abin da kuka ƙi yi a 1990 da NLD ta yi muku kaca-kaca kuka ce ba ku san zancen ba.

Yanzu mu bi sawun waɗanda suka ci zaɓen nan. Win Myint da ya ci Pathein har ya zama shugaban ƙasa a 2018, da asubar 1 ga Fabrairun 2021 ka sa aka kama shi, ranar da sabuwar majalisa za ta fara zama. Suu Kyi kotunanku suka jera mata shekara 33 daga baya wai aka yi mata sassauci zuwa 27, mace mai shekaru sama da 75 a lokacin, kai ma ka san me wannan lissafin yake nufi. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Phyo Zeya Thaw, matashin mawaƙi da ya ci ɗaya daga cikin kujerun Naypyidaw a 2012, a Yulin 2022 kuka zartar masa da hukuncin kisa shi da wasu uku, bayan ƙasar ta yi gomman shekaru ba ta zartar da irin hukuncin ba. Wannan gurbin wace hukumar zaɓe ce za ta cike shi?

Kun ce an yi maguɗi a zaɓen Nuwamban 2020 shi yasa kuka fito da tankoki. Ni abin da yake ban mamaki, ai mutanen ƙasarku sun riga sun nuna sun iya ladabtar da NLD da kansu ba sai da bindiga ba. A cike gurbin Afrilun 2017, cikin kujeru 19 tara kawai ta samu. A Chaungzon na jihar Mon gwamnati ta nace sai an sa wa sabuwar gada sunan Janar Aung San, mahaifin Suu Kyi, 'yan ƙabilar Mon suka ce ba su yarda ba aka yi kunnen uwar shegu da su, ranar zaɓe suka miƙa kujerar ga USDP, taku. A Nuwamban 2018 ma cikin 13 bakwai ta ci. Da haƙuri kuka yi da haka za a yi ta rage mata kaifi a akwati, amma ina, sai kuka sa hukumar zaɓen da kuka naɗa ta soke rajistar NLD a Maris 2023, sannan kuka shirya naku zaɓen kashi-kashi daga 28 ga Disamban 2025 ba ita a takardar ƙuri'a, garuruwa da yawa ko akwati ba a kai ba. Kokawa ce da ka ɗaure abokin karawar tukuna sannan ka kira makaɗa.

Kada ka ɗauka ni ɗan kamfen ɗin Suu Kyi ne, wlh ba haka bane. A 2015 jam'iyyarta ko Musulmi ɗaya ba ta tsayar ba, kuma a Disamban 2019 da ƙafarta ta je kotun duniya a Hague tana kare ku a ƙarar da Gambiya ta shigar kan Rohingya, Musulmin jihar Rakhine. Wannan mu bamu manta ba. Amma sojojin da suka ƙona ƙauyukan Rakhine a 2017 har mutum sama da 700,000 suka tsallaka Bangladesh, umarninka suke bi, ba nata ba. Kuma mutanen nan da suna zaɓe fa, a 2010 sun kaɗa ƙuri'a da farin katin da gwamnati ta basu, har Shwe Maung, Ɗan Rohingya, ya wakilci Buthidaung a majalisa a ƙarƙashin USDP ɗinku. A 2015 aka soke katin, shi ma aka ce ba ɗan ƙasa bane aka hana shi sake takara, mutumin da yake zaune a majalisar a lokacin! Daga baya da yaƙi ya matse ku a 2024 sai ga rahotanni ana kwasar samarinsu ana sa musu kaki, ƙuri'a ba su isa ba amma bakin daga sun isa.

Abin da nake nema bashi da yawa. Duk wanda aka zaɓa a 2020 da har yanzu yake hannunku a sake shi, a mayar wa NLD da sauran jam'iyyun da aka soke rajistarsu, a mayar wa Rohingya takardun zama 'yan ƙasa da sunayensu a rajistar masu zaɓe, har waɗanda ke sansanonin Cox's Bazar a Bangladesh. Ka fara da ko kujeru kaɗan ne kamar yadda Thein Sein ya yi, ka gayyaci masu sa ido da wuri ba a ƙurarren lokaci ba. Na san Buthidaung kam sai kun zauna da 'yan tawayen Arakan Army, don tun Mayun 2024 garin ya fita daga hannunka.

Wassalam.