Zuwa ga Sarkin Gaggawa, kan gwangwaninsa na toka

Oulu, Finlan

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara da su Baba. Ya sanyin Jos? Kada ma ka amsa, ba a yi wa wanda ke zaune inda teku ke daskarewa kukan hunturu. Na san shirun ya yi yawa, na kuma karɓi laifina, amma hoton gwangwaninka cike da toka ne ya sa dole na ɗauki biro. Wai kwaltar itace ka haɗa! Malam, ai ƙirare kawai ka ɓata.

Kwaltar nan ba ta ƙona itace ake samunta ba, gasa shi ake yi a rufe har ya yi gumi. Zafi ya shiga, iska kada ta shiga. Da zarar iska ta sami ƙofa, ƙaron da kake nema shi wuta za ta fara lashewa. Murfinka kuwa a hoton ko zama bai yi ba.

Tukuna ma, wane itace ka zuba? Ina zargin dogon itacen nan ne mai fito idan iska ta kaɗa, kashuwarina, wanda mutane ke ɗauka fain ne, wato itacen da ake samun kwaltar daga jikinsa. Ba shi ba ne, ba shi da ƙaron, ko shekara ka yi kana gasa shi gawayi za ka kwasa. Fain na gaskiya ganyensa kamar allura, bibbiyu ko uku-uku a ɗaure a gindi ɗaya. Kuma ba ɗanye ake so ba. Nemi tsohon kututture da ya shekara da shekaru a ƙasa, bayansa ya ruɓe, zuciyarsa ta rage ja, mai nauyi, mai ƙamshi. Fere ɗan siriri ka kyasta masa ashana: in ya kama nan take da baƙin hayaƙi, shi ne. Saiwa ta fi kowane sashe mai. Ka nemi izinin ma'aikatan gandun daji kafin ka tono, ban da kuɗin beli.

Gwangwani biyu kake bukata. Na sama babba, irin na fenti mai lita 4 ko 5 da murfi mai kamawa gam. Ka fara ƙone shi babu komai a ciki har fentin ya tafi. Guji ƙarfe mai rufin zin irin na kwanon rufi, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi. Bubbuga gindinsa ya lotsa ƙasa kamar mazurari, ka huda tsakiya da babbar ƙusa, faɗin kan ɗan yatsa. Na ƙasa ƙarami, na tumatir ma ya isa. Haƙa rami ka binne ƙaramin har bakinsa, ka ɗora babban daidai a kansa, ka liƙe mahaɗar da laka, ka tura ƙasa kewaye. Dalilin binnewar shi ne na ƙasa ya zauna da sanyi, tururin da ya sauka ya koma ruwa. In ya yi zafi shi ma, kwaltar ta tafi sama.

Faskara itacen kaurin babban yatsa, tsawon gwangwanin, ka jera su a tsaye, a matse, don man ya bi jikinsu ya gangara. Rufe, shafe bakin murfin da laka, ɗora dutse a kai. Amma kada ka toshe hudar ƙasa da ɓawo ko gutsure, tururi na neman hanya, in ya rasa zai tunkuɗe murfin.

Af, na ji labarin autanku wai ya sayi babur kafin ya biya sadaki. Gida ɗaya kuke, ba mamaki. Ka gaya masa ina jiran goron gayyata, ba hoton babur ba.

To, wuta. A nan nake jin tsoronka. Kewaye gwangwanin da ita har samansa, ka fara a hankali rabin awa, sannan ka riƙe ta daidai wa daida awa 3 zuwa 4. Wuta mai ƙarfi tana ba da kwalta kaɗan, baƙa ƙirin, mai kauri da warin ƙuna. Mai rauni kuma ta bar maka itace rabin gasuwa. In ka ga harshen wuta na fita daga bakin murfi, laka ta tsage ke nan, yi maza ka ƙara. Bayan nan janye garwashin ka tafi harkarka. Kada ka buɗe sai ya huce sarai, gara ma ya kwana. Gawayin ciki da zafinsa yana shaƙar iska zai kama, ya haɗa da kwaltar. Ina jin a nan ma ka yi ta'asa, don na san ba ka iya barin tukunya a rufe.

Kada ka sa rai da yawa: kofin shayi ɗaya daga gwangwani guda, in itacen na kirki ne. Za ka ga wani ruwa tsararo mai tsami a haɗe da ita, mutanen nan na kiransa fitsarin kwalta. Bar ta kwana biyu za su rabu, sai ka tsiyaye shi. Mai kyau launinta kamar zuma mai duhu.

Ka san garin nan na Oulu da ita ya yi arziki? A ƙarni na 19 daga dazukan yankin Kainuu ake sauko da ita ta kogin Oulu cikin dogayen kwalekwale, a ganguna masu lita 125, jiragen ruwan Ingila na shafe katako da igiyoyinsu da ita. Mutanen Kainuu sai su ɓare bishiyar fain tana tsaye, kaɗan-kaɗan har shekara 3 ko 4, su bar siririn ɓawo ta arewa don kada ta mutu, ita kuwa ta yi ta tara ƙaro. Sannan su jera faskaren a ƙaton rami mai siffar mazurari, su lulluɓe da gansakuka da ƙasa, su kunna wuta, ya yi kwanaki yana ci, kwaltar na fita ta bututun itace a ƙasa. Gwangwaninka jikan wannan ramin ne. Sunan kuwa Sitokholm, babban birnin Suwidin, ta cinye, har ake ce mata kwaltar Sitokholm, don a 1648 wani kamfani na can kaɗai aka ba ikon fitar da ita waje, lokacin Finlan tana ƙarƙashin Suwidin. Suna ma da karin magana: cutar da wankan tururi da barasa da kwalta suka kasa, ta ajali ce. Na tsakiyar dai ba namu ba ne.

Don ƙotar gatari ko ƙofa, haɗa kwalta da man linsid da tafentain, irin na masu fenti, kashi ɗaya-ɗaya, ka ɗumama a rana, ka shafa siriri-siriri. In ka lafta, sai ta yi makonni tana danƙo. Tsumman da ya sha man linsid kada ka dunƙule shi a lungu, yana kama wuta da kansa. Jiƙa shi da ruwa ko ka shanya a buɗe. In manne kake so, dafa kwaltar a waje kan garwashi, ba kan harshen wuta ba, har ɗigonta ya daskare a ruwan sanyi, ka zuba garin gawayi kaɗan.

Wai ma me za ka yi da ita? Ka faɗa a saƙonka, na nema na rasa. Gai da uwargida, ka ce yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa. Ka turo hoton kututturen kafin ka kunna komai.

Naka,
abokinka na ƙasar ƙanƙara