Baba ya fita!

Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya sanyin Jamus? Tun babbar Sallah ban ji ɗuriyarka ba, sai hotunanka a Facebook, ka naɗe cikin rigar sanyi kamar buhun goro. Zancen shirunka na nan tafe, amma bari in fara da abin da ya hana ni zama.

Baba ya fita! Ka san tun da ciwon ɓarin jikin nan ya kama shi, iyakarsa zaure da masallacin ƙofar gida. Ranar Asabar muka ɗauki shatar mota, da shi da Hajiya da uwargida da yara, muka nufi tafkin Bosomtwe. Auta ce ta shawo kansa. A makaranta aka gaya musu wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sama ya haƙa ramin, fiye da shekara miliyan 1 da ta wuce. Baba ya ce wannan magana sai ya gani da idonsa.

Tafiyar ba nisa, kusan kilomita 30 ce. Kana wuce Kuntanase hanya ta hau tudu, sai kawai ka hango ruwan can ƙasa, tsaunuka sun yi masa zobe. Gangaren Abono kuwa kwana ce bisa kwana, Hajiya ba ta daina salati ba har muka sauka. Faɗin tafkin ya kai kilomita 8, kuma babu kogin da ke fita daga cikinsa.

Masuntan wurin ba sa hawa kwalekwale. A kan falankin katako suke zama, wanda suke kira padua, ƙafafu cikin ruwa, suna tuƙi da hannu. Asantawa na girmama tafkin, sun ce nan rayukan matattu ke zuwa bankwana, shi ya sa al'adarsu ta hana ƙarfe taɓa ruwan. Kai da ko a dam ɗin Owabi ba ka yarda ka tsoma ƙafa ba, ina so in gan ka bisa falankin nan.

To, a nan ne abin ya faru. Baba ya ƙi a riƙe shi. Da sandarsa kaɗai ya taka daga mota har bakin ruwa, yana jan ƙafar a hankali, ni ina biye zuciyata na dukan uku-uku. Ya samu wani tsohon masunci suka ɓarke da hira cikin Asantanci, har labarin fataucin goro na da, yana dariya har da tari. Ya ci soyayyen kifi da dokunu, mutumin da sai an yi lallami yake shan koko. Hajiya ta juya baya tana share ido da mayafi. Wallahi ni ma sai da na koma gefe.

Af, ƙanenka na kasuwar Kejetia ya kai gaisuwa unguwar Asawase, gidan da kake zato. Kada ka ce ni na faɗa.

A dawowa muka ratsa dajin Bobiri, kusa da Kubease, inda ake da malam-buɗe-littafi kusan iri 400. Yara suka yi ta binsu, Baba na cikin mota yana nuna musu da sanda. Yanzu kuma ya kafe sai an kai shi Boabeng-Fiema ya ga biran da mutanen garin ke yi wa jana'iza idan sun mutu. Can kuwa wajen Nkoranza ne, tafiya ce ta sa'o'i, kuma ƙafar ta kumbura washegari. Likita zai duba shi ranar Alhamis, abin da ya ce shi za mu bi.

Ka kira Baba ranar Juma'a bayan masallaci, ya tambaye ka har sau biyu. A gaida madam da yara.

Naka har kullum,
Abokinka na Aboabo