Aminina, kada ka sayi amfilifaya tukuna

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso ni, kuma na ji ɓacin ran da ke cikinsa. Mutum ya ɓata yini guda yana kwance ƙofofin bayan motarsa, ya ɗaura sababbin lasifikoki, ya kunna rediyo cike da ɗoki, sai ya ji sautin ko na tsofaffin da ya cire bai kai ba. Da muna kusa, da tuni na zo mun buɗe ƙofar tare. Tun da nisa ya raba mu, ga abin da zan yi in da motar a gabana take. Roƙona dai kada ka sayi amfilifayar da ka ambata yanzu, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, kada kuma ka mayar wa mai kaya da lasifikokinsa, sai ka gama waɗannan gwaje-gwajen.

Fara da saitin rediyon. Idan ka cire kan batir lokacin aikin, wasu rediyoyin sukan manta saitinsu. Duba mai raba sauti tsakanin gaba da baya, da mai raba shi tsakanin hagu da dama, ka tabbata duka suna tsakiya. Wannan aikin minti ɗaya ne.

Abin da na fi zargi shi ne wayoyi sun juya a ƙofa ɗaya. Ka ce muryar mawaƙi tana fita amma babu duma, kamar ana kiɗa a cikin gwangwani. Haka tawa ta yi mini sak lokacin da na canza lasifikokinta, na yi kwana uku ina ganin laifin kayan, ashe a ƙofar dama na sa wayar fozitif a gurbin negetif. Lasifika ba ta ƙonewa don an juya mata waya, shi ya sa kuskuren yake ɓuya. Abin da ke faruwa shi ne, ya kamata takardun lasifikokin biyu, wato faifan gabansu da ke motsi, su turo iska waje a lokaci guda, su koma ciki a lokaci guda. In ɗaya ta juya, sa'ad da wannan ke turowa waccan tana ja, sai iskar da ɗaya ta turo ɗayar ta shanye. Sauti mai kauri shi ya fi shan wahala, ya bar ka da siririyar ƙara.

Kana iya gane wannan ba tare da ka kwance ko sukuru ɗaya ba. Sa waƙa mai ganga sosai, ka mayar da sautin gaba ɗaya baya. Juya shi zuwa hagu kaɗai ka saurara, sannan ka dawo da shi tsakiya. In duman ya fi ƙarfi a gefe ɗaya, ya ragu da ka haɗa biyun, ka kama ɓarawon. In kuwa na bayan su kaɗai suna da daɗin ji, amma da ka haɗa su da na gaba sautin ya yi sanyi, to duka biyun ne ka juya.

Kada ka dogara da launin waya, domin kowane kamfanin mota da nasa tsarin. Ga dabarar da na fi yarda da ita. Ɗauko tsohuwar lasifikar, da ƙaramin batir mai bolt 1.5 irin na rimot. Taɓa wayoyi biyu daga batirin zuwa bakinta na ɗan lokaci kaɗan, kana kallon takardar. In ta yunƙuro waje, bakin da ke haɗe da kan batirin mai alamar + shi ne fozitif. Daga nan sai ka duba wace wayar mota ce take shiga wannan bakin a fulogin asali. A sabuwar kuma, galibi bakin da ya fi faɗi shi ne fozitif, kuma akan buga alamar + kusa da shi. Gwajin nan a hannu ake yinsa, bayan an raba lasifikar da wayoyin mota.

In wayoyin daidai suke, juya tsohuwar ka karanta abin da aka rubuta a bayan maganaɗisunta. Yawancin lasifikokin da ake saye om 4 ne (om shi ne ma'aunin yadda lasifika ke tare wutar da ke bi ta cikinta), amma akwai motocin da ke zuwa da amfilifaya tun daga kamfani, masu aiki da lasifika mai om 2. Ka cire mai 2 ka sa mai 4, wutar da za ta ja ta ragu kusan rabi, wato ƙarar ta sauka da kimanin desibel 3 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), alhali na gaba suna nan da ƙarfinsu. In babu rubutu, sa mitar gwajin lantarki ka auna om ɗinta. Mai om 4 takan nuna uku da ɗoriya, mai om 2 kuma ƙasa da biyu.

Sai lambar da mutane ba sa kulawa da ita a jikin kwali. Kowa idonsa na kan wat 300 da aka rubuta da manyan baƙaƙe, alhali wannan adadin yana faɗin iyakar abin da lasifikar za ta jure ne na ɗan ƙiftawar ido. Lambar da ke gaya maka yawan ƙarar da za ta bayar da wat ɗaya ita ce ta desibel, wadda za ka gani kamar 88 ko 91. Mai 88 tana buƙatar ninkin wutar mai 91 kafin su yi ƙara ɗaya. Lasifikar kamfani takardarta marar nauyi ce, wuta kaɗan ke motsa ta. Sabuwar takan fi nauyi da tauri, ga shi rediyon mota, ko an rubuta masa wat 50 sau huɗu, abin da yake bayarwa a kai a kai bai cika wuce 15 zuwa 20 ga kowace lasifika ba. In matsalolin nan biyu, ta om da ta lambar desibel, suka haɗu maka, ragin ya kai desibel 6, kamar ka bar wa ƙofofin baya rubu'in wutarsu ke nan.

Ka kuma duba yadda ta zauna. Ka ce ramin ya ɗan fi ta faɗi har ka ɗaure ta da sukuru uku. Wannan ya dame ni. Duk kafar da ta rage a gefe, iskar bayan lasifikar za ta zagayo ta kashe ta gaba, duma ya tafi. Nemi zoben da ake sawa don cike ramin, ka liƙa siririn soso a kewayensa, ka ɗaure ta ta zauna daram. Kafin ka mayar da murfin ƙofar, sauke gilas har ƙasa ka ga bai taɓa maganaɗisun ba, kuma bakin wayoyin bai goga ƙarfen ƙofa ba.

In ƙofa ɗaya ce kawai ke yin rauni, ko sautin yana ɗaukewa in an buɗe ta, leƙa cikin robar da wayoyi ke bi daga jikin mota zuwa ƙofa. Buɗewa da rufewa na shekaru yana karya waya a nan ta ciki.

Gani ya kori ji: mayar da tsohuwar lasifika a ƙofa ɗaya, ka bar sabuwa a ɗayar, ka yi ta juya sautin hagu da dama. In ƙararsu ɗaya, to motarka ce dama take tura wa baya sauti kaɗan, kamar yadda wasu kamfanoni ke tsarawa da gangan don kiɗan ya riƙa zuwa wa direba daga gaba, kuma ɗan karkata saitin zuwa baya ya isa. In tsohuwar ta fi ƙara nesa ba kusa ba, a nan ne za mu yi maganar canza su da masu om ɗin da ya dace, ko kuma amfilifayar. Kada dai ka sa mai om ƙasa da abin da rediyonka ke ɗauka, yana iya yin zafi ya lalace.

Turo mini hoton bayan tsohuwar, da na kwalin sabuwar ta gefen da lambobin suke, da abin da mitar ta nuna. Ka gaida mini maiɗakinka da yara.

Naka har kullum,
Amininka