Wasiƙa ga ɗana: awon kirki da bayanin da za a iya bi

Assalamu alaikum ɗana,

Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka. Na ga ɗokin da kake yi game da lambobin yabo na fannin fiziks na kayan ƙira. Son yabo ba laifi ba ne. Amma ka duba sharuɗɗan lambar David Adler, wadda Ƙungiyar Masana Fiziks ta Amurka take bayarwa tun 1988 don tunawa da wani farfesan jami'ar MIT da ya rasu a 1987. Abu uku ake dubawa: ingancin bincike, maƙalolin da ke tattara ilimin fanni wuri guda, da iya lacca. Biyu cikin ukun bayani ne. Shi kuwa bayani a wannan sana'a, ma'anarsa wani a wani ɗakin gwaji ya bi abin da ka rubuta ya samu abin da ka samu.

Mu fara da awon turjiyar lantarki, tunda shi ne aikinka na kullum. Kada ka auna da waya biyu. Turjiyar wayoyin da ta wurin da suka manne da samfur za su shiga lissafi, kuma sau da yawa sun fi ta samfurin kansa. Sa waya huɗu a jere: biyu na waje su kai lantarki, biyu na ciki su auna bolt. Sannan a kowane mataki ka juya alƙiblar lantarkin, ka ɗebe awo na biyu daga na farko, ka raba biyu. Dalili shi ne duk inda ƙarafa iri biyu suka haɗu alhali zafinsu ya bambanta, sukan haifar da 'yan maikrobolt nasu, waɗanda ba sa juyawa idan ka juya lantarki, don haka ɗebewar take kawar da su. Ka kuma rage lantarkin sau goma ka sake awo. In sakamako ya canja, ka fara zargin cewa lantarkin da kake sawa ne yake ɗumama samfurin.

Ma'aunin zafi ma yana yaudara. Shi da samfur ba sa yin sanyi a lokaci guda. Idan layin turjiya da ka samu wajen sanyayawa bai hau kan na ɗumamawa ba, rage gudu zuwa Kelbin 1, wato canjin digiri ɗaya na Salshiyos, a minti ko ƙasa da haka. In tazarar ta ragu, jinkirin ma'auni ne. In ta tsaya daram, to wataƙila samfurin ne yake sauya tsari, kuma wannan ya cancanci a bi shi.

Ka tuna da LK-99. A Yulin 2023 wasu masu bincike a Koriya ta Kudu suka ce sun samo abin da ke wuce da lantarki ba turjiya a zafin ɗaki. Duniya ta ɗauka. Cikin 'yan makonni aka gano cewa faɗuwar turjiyar da suka gani wajen digiri 104 na Salshiyos ta yi daidai da inda wani gurɓatacce da ke cikin samfurin, haɗin jan ƙarfe da farar wuta, yake sauya tsarinsa. Da masana a Cibiyar Max Planck ta Situtgat a Jamus suka samar da tsantsarsa, sai ga shi ko lantarki ba ya wucewa da shi. Saboda haka kafin ka ce turjiya ta zama sifili, faɗi mafi ƙanƙantar abin da na'urarka ke iya ji, ka nuna cewa samfurin yana korar ƙarfin maganaɗisu daga cikinsa, ka kuma bi zanen awon eksire, wanda ke nuna abubuwan da ke cikin samfur, ƙololuwa bayan ƙololuwa. Ƙaramar ƙololuwar da ba ka san mai ita ba, kada ka share ta, ka sa mata alama a maƙala. Ka sani kuma gurɓatacce ɗan kaɗan yana iya ɓuya a wannan awo gaba ɗaya.

Girafin kuwa, wato fallen kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, wanda masana Geim da Novoselov suka ware a Manchesta a 2004, ya bazu da wuri domin hanyar a fili take: salatif, garafayit (abin da ke cikin bakin fensir), da farantin silikon mai rufin oksayid na kaurin nanomita 300, wanda ke sa a hango siririn fallen a madubin ƙara girma. Kowa ya gwada ya gani, gani kuwa ya kori ji. A 2010 suka karɓi Nobel.

Sai lacca. A babban taron shekara na Ƙungiyar Masana Fiziks ta Amurka, minti 10 ake ba mafi yawan masu gabatarwa, da 2 na tambayoyi. Magana ɗaya ce za ta shiga minti goma, ba uku ba. Faɗe ta a minti na farko. Duk zanen awo da ka haska, fara da gaya wa mutane abin da ke kwance da abin da ke tsaye, da ma'aunin kowanne, kafin ka taɓa layin. Masu sauraro ba su kwana da zanen kamar kai ba. Faɗi samfur nawa ka yi da nawa suka nuna abin. Wanda ya nuna mafi kyawu shi kaɗai ya ɓoye sauran, tambayar farko za ta tona shi.

Kafin ranar, gwada laccar a gaban ɗalibin da ba fanninku ɗaya ba, ka ce ya maimaita maka abin da ya fahimta. Inda ya yi tuntuɓe, nan za ka gyara. Aiko mini da zanen turjiyar nan, na sanyayawa da na ɗumamawa a kan takarda ɗaya, in duba. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka